Ranar da Bubayero Ya Fasa Ciniki

Duk wanda ya saba shiga karar shanu ta Lafiya ya san Alhaji Bubayero, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon Bafulatanin nan, dillalin da ba ya yi wa saniya kuɗi sai ya ɗora mata hannu. Zai kutsa tsakiyar garke, ya dafa gindin wutsiya, ya matsa haƙarƙari, ya ɗaga leɓe ya duba haƙora, sannan ya juyo ya ce da mai saye, "Wannan ta yanka ce," ko kuma, "Wannan kai ta gida, za ta haifa maka." Da wuya ya yi kure. A rugarsu da ke bayan Shabu ya koyi abin, tun yana siriri kamar sandar kiwonsa, yana bin shanun babansa har bakin Binuwai da rani.

Da ya shigo gari ya kama dillanci, sai ya tarar da wata al'ada da ba wanda ya gargaɗe shi a kanta. A kara ciniki ba ya ƙarewa da tafa hannu. In an sallama, mai saye zai ja dillali wajen mai balangu, ko mai sayarwa ya aiko masa da fura da nono, kuma ƙin karɓa daidai yake da ka ce cinikin bai yi maka daɗi ba. To, mutumin da ke ƙulla ciniki shida ko bakwai a yini, kuma Allah ya yi shi da kunyar mutane, ina zai sa kansa? Shekara ashirin da 'yan kai Bubayero yana cin ladabi. Jiki kuwa bai san ladabi ba, ajiyewa kawai yake yi.

Sai da ta kai ba ya iya ratsawa tsakanin shanu biyu. Aka kafa masa benci a gindin mangwaro, kafinta ya ƙara wa bencin ƙafa biyu a tsakiya. Ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo baya, gwiwoyi suka ce ba da su ba, salla ta koma ta zaune. Duk wannan ya daure. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a jawo saniya a kawo masa ita bakin benci kamar mai karɓar gaisuwa, shanun da ke can tsakiya kuwa sai dai ya hange su ya yi kirdado. Masu saye ba wawaye ba ne. Suka fara gaishe shi da girmamawa, su wuce wajen Ya'akubu, wani dillali ɗan Assakio mai surutun tsiya, wanda bai kai shi sanin dabba ba amma yana da ƙafa. Abu ɗaya Bubayero yake so a duniya a lokacin, ya koma cikin shanu da ƙafarsa.

Likitan da ke duba masa suga ne ya tura shi wani asibiti a Abuja, inda ake aikin rage tumbi. Ya sayar da bijimansa na kansa ya tafi, tare da matarsa Zuhra. Sikelin asibiti ya nuna kilo ɗari da hamsin da ɗaya. Likitar da za ta yi aikin, Dakta Cordelia, 'yar Akwanga ce, Hausa a bakinta radau. Ta zana masa tumbi a takarda, ta nuna masa inda za a yanke a bar masa kamar girman ayaba. Bubayero ya saurara tsaf, don yankan tumbi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi rabin rayuwarsa da mahauta.

"Likita, mutum mai tsawona, kilo nawa ya kamata ya zama?" ya tambaya.

Ta duba wata takarda. "A rubuce dai, kamar saba'in da takwas. Amma Alhaji, kowa da jikinshi fa. Bari mu ga inda naka zai tsaya."

Rabin maganar na biyu iska ta tafi da shi. Kunnen dillali ya ji lamba, shi ke nan. "Na saya!" in ji shi, ya buga tafin hannunsa a kan tebur. Likita ta yi dariya, ta ɗauka barkwanci ne. Zuhra ba ta yi dariya ba, ita ta san wanda take aure.

Da ma a nan ya bar ta, da da sauƙi. Amma kafin ranar aiki ya dawo Lafiya neman addu'a, ya zauna a bencinsa, dillalai da mahauta suka kewaye shi, Sarkin Kara ma yana wurin, ya ɗaga murya ya ce in Allah ya tashe shi, sai ya sauka zuwa kilo saba'in da takwas. A wani wuri wannan hira ce. A kara kuwa, lambar da dillali ya furta gaban shaidu ta zauna ke nan. Ana iya fasa ciniki, amma sai mutum ya tsaya gaban Sarkin Kara ya faɗi aibin dabbar da bakinsa, kuma ba a mantawa da dillalin da ya yi haka. Shekara ashirin da shida Bubayero yana dillanci, bai taɓa fasa ciniki ba, kuma kowa ya san da wannan yake taƙama.

Aka yi aiki lafiya. Makonnin farko sun ba shi wuya. Mutumin da yake tashi da malmalar sakwara uku, yanzu romo ne cokali-cokali, in ya yi garaje ya dawo da shi. Ya koyi tauna loma har ta gaji, ya koyi raba ci da sha, ya koyi shan ƙwayoyin ƙarin jini da likita ta ce ba zai rabu da su ba har abada. Zuhra ta ajiye masa ɗan kwanon da ake ba yara abinci a ciki. Da ya koma kasuwa, in an kawo masa balangun ciniki sai ya ɗauki yanka ɗaya ya sa a baki don kada a ce ya ƙi, sauran a ƙunshe a kai gida.

Kusa da kara akwai shagon Ashafa, mai sayen riɗi da agushi, yana da babban sikelin da ake ɗora buhuna. Kowace ranar kasuwa Bubayero zai je ya tuɓe takalmi da hula ya hau, dillalai su biyo shi kallo. Ɗari da talatin. Ɗari da goma sha biyar. Tela ya rage masa riguna har sau biyu, a na uku ya ce a ɗinka sabbi kawai, ya gaji. Gari ya ɗauka da surutu, wasu suka ce ciwo ne ake ɓoyewa, wasu suka ce karayar arziki. Bai kula kowa ba, idonsa yana kan allurar sikeli.

A wata na goma sha ɗaya bayan aiki, yana kilo casa'in da tara, wata safiya ya tashi daga benci ba tare da ya yi shawara da kowa ba, ya kutsa cikin garken da aka sauke daga mota. Warin kashin shanu, zafin jikinsu, wata karsana ta goga masa ƙaho a kafaɗa. Ya ɗora hannu a bayanta, sai ya ji hawaye. Ya yi kamar ƙura ce ta shiga masa ido. Rabonsa da tsayawa a nan shekara bakwai.

Daga nan jiki ya ci gaba da sauka a hankali har casa'in da biyu. A wannan nauyin likita ta dakatar masa da maganin suga. A wannan nauyin ya kai goshinsa ƙasa a masallaci ya taso ba wanda ya kama shi. Yana riƙe igiyar bijimi mai taurin kai har a ɗora shi a mota, masu sayensa suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Mai hankali da a nan zai ce alhamdu lillahi. Amma allurar Ashafa ta tsaya cak a casa'in da biyu, wata ɗaya, wata biyu, har huɗu, kuma Ya'akubu yana nan da bakinsa.

"Oga Buba, yaya dai? Remain sha huɗu fa!" yakan ce, yana dariya. "Abeg kar ka ce mu ne muka faɗi namban. Kai ne ka faɗi da kanka."

Wasa yake yi, ba mugunta ba. Amma wasan yana sauka a inda yake da zafi. Bubayero ya ƙudurta a ransa ko ana ha-maza-ha-mata sai ya cika maganarsa. Ya daina zuwa Abuja ganin likita, don kunyar ya je mata da ciniki rabi. Ya yanke abincin rana, ya yanke ƙwai da kifi, ya koma ruwan zafi da lemon tsami. Wani mahauci ya gaya masa ai maganin ƙarin jini ƙiba yake sawa, shi ya sa mata ke sha, sai ya tattara ƙwayoyin ya jefa a kan sif. Zuhra ta yi magana, ta yi faɗa, ta yi kuka. Ya ce mata ita ba ta san kara ba.

Allura ta motsa kuwa. Casa'in, tamanin da takwas, tamanin da shida. Yana murna, alhali duk mai ido ya ga abin da ke faruwa. Idonsa ya yi zuru-zuru, fatar wuyansa ta saki, yana jin sanyi a tsakiyar zafin Lafiya da ke narkar da kwalta. In ya miƙe sai ya dafa wani abu jiri ya wuce. Shi da yake gane saniyar da ba ta da jini daga ɗaga mata fatar ido, bai taɓa tsayawa gaban madubi ya ɗaga tasa ba.

Ranar da abin ya faru, rana tsaka ce, yana riƙe da igiyar wani jan bijimi da ko rabin waɗanda ya saba riƙewa bai kai ba. Bijimin ya fizga sau ɗaya. Bubayero ya ga duhu, ƙafafunsa suka lanƙwashe, igiyar ta ja shi a ƙasa tsakanin kofatai har sai da mutane suka yi ca suka kore shanun. Allah ya tsare, gurjewa ce a kafaɗa da gwiwa. Aka ɗauko shi, aka rasa inda za a ajiye shi sai bencin nan nasa. Da ya farfaɗo ya ga ganyen mangwaro a saman kansa, baƙin cikin da ya ji ya fi zafin ciwon. Ƙiba ta taɓa zaunar da shi a nan, yau kuma rama ta dawo da shi. Sarkin Kara ya ce kada ya sake shiga cikin shanu sai ya ga ƙarfinsa da idonsa.

Kwana biyu bayan haka yayarsa Daso ta zo daga ruga da ƙwaryar kindirmo. Ita ta goya shi yana jariri, don haka Alhajinsa bai dame ta ba. Ta tarar da shi kwance a tsakar gida da la'asar, ta ajiye ƙwarya, ko zama ba ta yi ba.

"Buba, tashi tsaye."

Ya miƙe yana dafa bango. Ta zagaya bayansa, ta bi kashin bayansa da tafin hannu, ta matsa haƙarƙarinsa, ta kama damtsensa ta jijjiga, ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa. Daidai yadda babansu ya koya musu su biyun. Zuhra tana bakin kicin tana kallo, ta rufe baki da mayafi.

"In aka kawo maka wannan a kara," in ji Daso, "me za ka gaya wa mai saye?"

Ya kawar da kai gefe.

"Da kai nake. Kai ne gwani."

"Zan ce kada ya saya," ya faɗa a hankali. "Ba zai kai gida ba."

"To."

"Adda, na faɗi magana gaban mutane."

"Mutanen ne za su riƙe maka Zuhra da yara? Su da suka ɗauko ka daga ƙasa sun koma cinikinsu kafin ka buɗe ido." Ta tura masa ƙwaryar da ƙafa. "Ni dai na kawo nono. In ka ga dama ka sha, in ka ga dama ka ba sikeli."

Ta shiga wajen Zuhra suka kama hirar wata haihuwa. Ya zauna shi kaɗai da ƙwarya. Bubayero ba tsoron mutuwa ne ya fi damunsa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, shi da ya ba da tumbinsa aka yanke don ya koma cikin shanu, ga shi da hannunsa yana fitar da kansa saboda wata lamba da ko likitar da ta faɗe ta ba ta riƙe da ƙarfi ba. Ya ga a fili zaɓi biyu ne: ko sunansa na wanda ba ya fasa ciniki, ko tsayuwa cikin garke. Duka biyun ba za su samu ba. Ya ɗauki ludayi ya sha uku, a hankali, ya ce da Zuhra ta sauko masa da ƙwayoyin da ke kan sif.

A makon ya koma Abuja. Aka ɗebi jininsa, Dakta Cordelia ta duba sakamako ta ɗago kai, fuskarta ba wasa.

"Alhaji, me ka yi wa kanka? Jininka ya yi ƙasa sosai. Wa ya ce ka bar magani?"

Ya kwashe labari ya gaya mata, har da na kara da shaidu. Ta riƙe haɓa. "Ni ban sayar maka da komai ba fa. Wancan namba na littafi ne, littafi bai san ka ba, bai san aikinka ba. Gaya mini, a kilo nawa ka fi jin kanka?"

Wannan tambayar bai buƙaci tunani ba. "Casa'in da biyu. A nan nake riƙe igiya."

Ta buɗe fayil ta nemo awon da aka yi masa a wancan lokacin. Suga daidai, hawan jini daidai. "Jikinka ya gaya maka tun wata shida da suka wuce, kai ne ba ka ji ba. Mu bar shi tsakanin casa'in da casa'in da huɗu. In ya haura ko ya sauka, ka zo mu duba, ba ka je ka yi wa kanka hukunci ba." Aka ƙara masa maganin jini ta jijiya, aka rubuta masa abin da zai riƙa ci sau shida a yini. Ya karɓa da hannu biyu.

Sauran aiki mai wuya yana Lafiya. Zuhra ta ce ya yi shiru kawai, mutane za su manta. Ya ce a kara ya faɗa, a kara zai warware. Ranar kasuwa ya sa farar riga, ya jira sai da rana ta ɗaga wuri ya cika, ya je ya tsaya gaban rumfar Sarkin Kara. 

"Ranka ya daɗe, na zo fasa ciniki."

Kowa ya juyo, har masu ɗaure shanu suka tsaya. Sarkin Kara, tsoho ne da ya san shi tun zuwansa gari, ya dube shi. "Wane ciniki, Bubayero?"

"Na kilo saba'in da takwas, da na faɗa a gabanka."

Wani ya fara dariya, tsohon ya ɗaga hannu. Ya fahimci ba wasa ya kawo mutumin ba, don haka ya yi masa tambayar da ake yi wa kowa. "Mene ne aibin?"

"Dabbar za ta mutu a hanya kafin ta kai kilon. Na duba ta, wadda ta fi ni sani ma ta duba. Kuskuren nawa ne, na yi kuɗi ban taɓa ba. Casa'in da biyu zan tsaya."

"An ji," in ji Sarkin Kara. "An fasa."

Ya'akubu ya duba fuskar Bubayero. Sai ya ce, "No wahala, Oga Buba," ya wuce. Amma kara kara ce. Kafin azahar labari ya kai har wajen masu lodin mota, wai yau Bubayero ya janye magana.

Mayar da kilo shida da tumbi kamar ayaba ba ƙaramin aiki ba ne, ya fi zubar da su wuya. Wata uku ya yi yana fama da ƙwai, kifi, wake da kindirmon Daso, yana tafiya a ƙasa kowace safiya daga gida zuwa kasuwa. Ya rage hawa sikelin Ashafa zuwa sau ɗaya a wata, shi kaɗai, ba 'yan kallo. Da allura ta dawo casa'in da biyu, Sarkin Kara ya sa aka miƙa masa igiyar wani baƙin bijimi, ya riƙe har aka ɗora shi a mota, tsohon ya gyaɗa kai.

Abin da ya biya kuwa ya biya. Ba wanda ya ƙara cewa Bubayero bai taɓa fasa ciniki ba, kuma suna ya bi shi, har yau yaran mahauta da wasu dillalai Alhaji Saba'in-da-takwas suke kiransa. Yana jin zafinsa, ba ya ɓoyewa. Ran nan ma wani ya ƙwala masa sunan daga bakin shinge, mutane suka yi dariya. Bai waiwayo ba, yana can tsakiyar garke, kansa sunkuye, yana duba haƙoran wata saniya da wani manomi daga Doma yake so ya kai gida.